Garin "ƙara garkuwar jiki" da na sha mako shida: abin da rariyar uwargida ta tona

Robar tana nan a kan teburina yanzu haka da nake wannan rubutu, da ragowar gari kamar cokali huɗu a gindinta. Fara ce mai koren murfi, girman robar man shafawa, an liƙa mata takarda mai hoton ganye da garkuwa irin ta mayaƙan da. A jikin takardar an ce garin yana ƙara garkuwar jiki, yana maganin atishawa da borin jini da asma da kumburin cikin jiki, sannan can ƙasa da jan rubutu: rigakafin ciwon daji. Abin da aka ce an haɗa shi da su: habbatus sauda, zogale, kurkum, citta, tafarnuwa, "da sauran sirrika". Lambar waya har uku. Ranar da aka haɗa shi babu, ranar da zai lalace babu, lambar NAFDAC babu. Naira 9,500 na ba da, kuma wannan ita ce roba ta biyu.

Shekara 21 ke nan ina koyar da bayoloji a sakandare a nan Katsina. Na faɗi haka ne tun da wuri, don wanda zai yi mini dariya ya yi ya gama, mu ci gaba.

Ni mutum ne da hunturu ba ya raga wa. Da iska ta juya a ƙarshen Nuwamba, hazo ya sauka har ba ka hango kan Hasumiyar Gobarau daga nesa, to hancina ya buɗe famfo ke nan sai watan Maris. Atishawa goma a jere, idanu jawur suna ƙaiƙayi, ga ƙurar alli a aji tana ƙara wa Barno dawaki. Shekaru na yi ina shan Piriton. Yana tsayar da hancin, amma sai ya bar ni ina gyangyaɗi a kan littattafan yara da ƙarfe sha ɗaya na safe.

Wannan duk na saba da shi. Abin da ya kai ni shagon mai garin nan, tsoro ne. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a 2021 yana da shekara 52. Ya fara da cewa abinci ba ya yi masa daɗi, sai rama, sai idanu suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Kafin a kai shi asibiti ciki ya tasa kamar tulu. Likitoci suka ce dajin hanta ne, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa. Wata uku ne tsakanin ranar da aka gaya mana da ranar da muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa. Tun daga lokacin, ko gefen cikina na dama ya ɗan motsa sai gabana ya faɗi.

Malamin lissafinmu ne ya yi mini kwatancen wurin. Shago ne a cikin birni, ba zan faɗi sunansa ba, kuma zan yi masa adalci: yana da tsabta ƙwarai. An jera kaya a kanta daki-daki, zuma gefe guda, dabino da man zaitun gefe guda, ƙamshin turaren wuta yana tashi, ga benci mai katifa na masu jira. Mai shagon dattijo ne mai fara'a. Bai bari na yi magana ba sai da yaronsa ya kawo mini shayi mai kanumfari. Ya saurare ni kusan minti ashirin, har maganar Yaya na yi masa, ya yi masa addu'a. In don karɓar baƙi ne, ban taɓa samun irinta a wani wurin neman magani ba.

Sai ya ce, "Malam, ai kai mai ilimi ne, ba sai na wahalar da kai ba. Wannan atishawar taka kumburi ne a cikin jiki. Kumburi kuwa in ya daɗe, shi ke komawa daji. Garkuwarka ce ta yi rauni. A ɗaga ta, atishawa ta tafi, daji ya rasa ƙofar shiga."

Maganar da ya yi a kan daɗewar kumburi gaskiya ce, kuma ita ta kama ni, don ni ma ina koyar da ita. Tun 1863 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya lura da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin tsokar daji, ya ce ciwon yakan tsiro ne a inda jiki ya daɗe yana kumburi. Kumburi dai faɗa ne da jiki ke yi: wuri ya yi zafi, ya yi ja, ya tasa, saboda fararen ƙwayoyin jini sun taru suna zuba sinadarai masu ƙona ƙwayar cuta. In faɗan ya ƙare cikin kwana uku, alheri ne. In ya ɗauki shekara ashirin, waɗannan sinadarai suna ta illata ƙwayoyin halittar wurin, wasu su mutu, jiki ya yi ta haifar sababbi, kuma duk rabuwar da ƙwayar halitta za ta yi akwai yiwuwar kuskure a kwafin da take yi. Wata rana sai kuskuren ya faɗa a inda bai kamata ba. Shi ya sa Harold Dvorak, wani mai bincike a Amurka, ya kira daji a 1986 da mikin da ya ƙi warkewa. Duk wannan yana kaina ina zaune a kan bencin nan. Abin da ban tambaya ba shi ne: wane kumburin? A wace gaɓa? Na zaro kuɗi na biya.

Cokali ɗaya a kunu safe da dare, haka aka ce. Ɗanɗanonsa yaji-yaji ne, citta ce ta fi fitowa, sai wani ɗaci-ɗaci da ke zama a bayan harshe bayan an haɗiye. Yana rina kofi ya koma ruwan ɗorawa, kurkum kam akwai shi.

Kwana biyu da farawa atishawa ta tsaya cak. Ba raguwa ta yi ba, tsayawa ta yi. Hanci ya bushe, ido ya washe, har ciwon gwiwar da nake ji in na tashi daga sujada ya ɓace. Na shiga aji a tsakiyar Disamba na goge allo da hannuna ko tari ban yi ba. Ƙarfi ya zo mini kamar ɗan shekara talatin. A ofishin malamai na zama mai tallan garin nan kyauta, kuma mutum biyu sun je sun saya saboda ni, abin da har yau yake damuna.

A mako na uku ci ya buɗe. Malmala uku ta tuwo nake tashi da ita, tsakar dare kuma in farka ina laluben kwano. Barci ya ƙaurace mini. A mako na biyar hulata ta fara matse ni, kumatu suka cika, abokan aiki suna zolaya, "Malam, an yi ƙarin girma ne ba a gaya mana ba?" Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari sau huɗu kafin asuba. Ƙuraje suka feso mini a baya, sannan wani farin abu kamar dusar madara ya shimfiɗu a harshena da cikin kumatu, in na ci yaji sai raɗaɗi. Na ce wa kaina ai jiki ne ke fitar da datti. Malamin bayoloji ke nan.

Uwargida ce ta ƙi yarda. Wata Asabar da hantsi ina kishingiɗe a tsakar gida, sai na ga ta shimfiɗa faranti, ta ɗauko rariyar da take tankaɗe garin ɗanwake, ta juye rabin robar a ciki. Ta yi ta kaɗawa a hankali. Garin mai launin ƙasa-ƙasa ya sauka, aka bar ɓarɓashin citta da 'yan ƙwayoyin habbatus sauda da turmi bai ci ba. A tsakaninsu kuma ga wasu fararen gutsattsari, ƙanana kamar tsakin gero. Ta tsinto ɗaya da kan tsinken tsintsiya ta ɗora a tafin hannuna.

"Malam, wane icce ne ke da wannan?"

Gefensa ɗaya a lanƙwashe yake sumul, kamar bakin ƙwayar magani. Na ɗora a harshe. Ɗacin nan ne da nake ji a bayan kowane cokali.

Ranar Litinin bayan an tashi na koma shagon. Dattijon ba ya nan, sai yaron. Na buɗe masa 'yar takardar da na ƙunshe gutsattsarin. Bai ma ji wani abu ba, dariya ya yi. "Ai Baba yana ɗan sa ta asibiti a ciki don ya yi saurin aiki. Mutane ba su da haƙuri, Malam. In suka sha kwana uku ba su ji komai ba, ba su dawowa." Na ce wace ta asibiti? Ya ce 'yar ƙarama ce fara, deksa ake ce mata.

Deksametazon ke nan, ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke kira sitiroyid, kuma tana cikin irin ƙwayoyin da 'yan mata ke haɗiya don su yi ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Magani ce mai daraja a hannun wanda ya san ta. A 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna tana ceton ran masu korona da numfashinsu ya yi tsanani. Amma aikinta shi ne danne garkuwar jiki. Wato roba biyu na biya don a ɗaga mini garkuwa, aka yi mako shida ana kwantar da ita. Farin abin da ya fito mini a baki funfuna ce da jiki mai lafiya ke hanawa ta yaɗu.

Likitan da na je wurinsa washegari tsohon ɗalibina ne, abin ya zo da ƙarin kunya. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya dubi fuskata, ya dubi harshena, ya auna jini ya samu 150 bisa 95, sukari ma ya hau. Na ce masa na daina shan garin tun jiya, na huta. Sai ya ce, "A'a Malam, ba a yanke ta haka." In mutum ya yi makonni yana shan irin wannan ƙwaya, wasu 'yan gaɓoɓi da ke zaune a kan ƙoda sukan daina yin sinadarin da take kwaikwayo, don sun ga ana kawo shi daga waje. A tsayar da ita rana ɗaya, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki, mutum yana iya faɗuwa. Ya rubuta mini wata 'yar'uwarta da awo, ana ragewa kaɗan-kaɗan har ta ƙare.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, ko da garin tsantsar ganye ne, maganar da aka sayar mini da ita a karkace take tun daga tushe. Mai alaji, wato irina da ƙura ke sa shi atishawa da ƙaiƙayi, ba raunin garkuwa ke damunsa ba. Garkuwarsa ce ke kai duka inda babu ɓarawo. A cikin fatar hanci akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke ɗauke da wani makami mai suna IgE, wanda wasu masu bincike 'yan Japan, mata da miji, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka gano a 1966. Asalin aikinsa yaƙi da tsutsar ciki da makamantanta. A jikin irinmu sai ya ɗauki ƙurar katifa ko funfunar da iska ta kwaso a matsayin abokin gaba, ƙwayoyin su fashe su zubo histamin, shi ke kawo atishawa da hawaye da ƙaiƙayi. Yadda nake gaya wa 'yan aji biyar: ɗan sintirin unguwa ne da ke rufe akuyar maƙwabci da duka duk dare yana ihun ɓarawo. Wannan ba ƙarin gora yake buƙata ba. Kuma atishawar hunturu ba hanyar daji ba ce. Hasali ma bincike da dama sun samu cewa masu alaji ba su cika kamuwa da wani dajin ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma ba kamar sauran mutane.

Gaskiya ne garkuwa tana farautar ƙwayoyin halittar da suka fara lalacewa, shi ya sa wasu nau'o'in daji suka fi kama masu ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan maganin danne garkuwa. Gaskiya ne kuma yanzu akwai maganin daji da ke aiki ta hanyar garkuwa. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun samu kyautar Nobel a 2018 a kan haka. Amma su birki suka gano a jikin sojojin jini, suka nemo yadda za a sake shi, kuma in an sake shi garkuwar kan juya ta afka wa hanji ko fata ko huhun mai ita, har sai an kawo sitiroyid an lallashe ta. Abin da ake yi da awo a gaban likita ke nan, mu kuma ana auna mana shi da cokalin shayi a kunu.

Ina shirin tashi sai likitan ya ce, "Malam, Yaya da ya rasu, an ce maku yana da ciwon hanta nau'in B?" Na ce an faɗi wani abu mai kama da haka, amma hankalinmu ba ya wurin. "Ku 'yan ɗakinku an gwada ku?" Shiru na yi. Shekara uku ina tsoron dajin hanta, ina dafa gefen ciki, ban taɓa miƙa yatsa an ɗiga jini ba.

Gwajin bai ɗauki minti ashirin ba, kuɗinsa bai kai rubu'in kuɗin roba ɗaya ba. Layi biyu suka fito. Ina ɗauke da ƙwayar cutar.

Wannan shi ne kumburin da ya kamata in tambaya a kansa. Ƙwayar cutar tana zama a hanta shekara da shekaru shiru, garkuwa tana ta kai mata hari, hanta tana mutuwa tana farfaɗowa, har ta yi tabo ta taurare, daga nan daji ke samun wurin zama. A ƙasashenmu yawanci tun ana jarirai ake ɗauka, daga uwa wurin haihuwa, ko ana yara ta askar wanzami da reza ɗaya da ake yi wa kowa amfani da ita. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ku ƙirga sahun farko a masallacin unguwarku. Ga mai ɗauke da ita kuwa, sitiroyid na cikin abubuwan da ake tsoro: tana danne garkuwa ƙwayar cutar ta hayayyafa, in an janye ta garkuwar ta farka ta afka wa hanta gaba ɗaya. Nawa gwajin ya nuna hantar ta ɗan harzuƙa, daga baya ta lafa. Yanzu duk wata shida ina zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau muke ce wa FMC, a ɗauki jini a yi hoton ciki. In ta kai ga shan magani akwai shi, ƙwaya ɗaya ce a rana.

Na kwashi gidan gaba ɗaya aka gwada. Uwargida ba ta da ita, ta fara allura uku. Ƙananan yaran duk sun samu rigakafin a jarirai, don tun 2004 Najeriya ta sa shi cikin alluran yara, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Babban, haihuwar 2002 ne, ya wuce kafin a fara, shi ma yanzu ya karɓa. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma dajin hanta a yaransu ya ragu ƙwarai. In ana neman abin da ya cancanci a rubuta masa "rigakafin ciwon daji" da jan rubutu, to ga shi nan. Ƙanwarmu ma an samu tana da ita. Ƙanenmu har yau ya ƙi zuwa, ya ce abin da ba ka sani ba ba ya hana ka barci.

Yaya fataucin gyaɗa ya yi duk rayuwarsa. Yini yake yana watsa ta a baki, kuma wadda ta yi baƙi-baƙi ko ta motse, da ba ta shiga buhun sayarwa, ita ake kawowa gida a yi ƙuli-ƙuli. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin wata funfuna mai fitar da dafin da ake kira afalatoksin, wanda aka gano bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa masu da gyaɗar Birazil. Suya ba ta kashe dafin gaba ɗaya. In ya haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin daji yana ninkuwa sosai. Ajali dai na Allah ne, amma a gidana yanzu ana tsince gyaɗa kamar ana tsince shinkafar biki, ɓatacciyar kuma bola take tafiya, ko kaji ba a ba su.

Akwai irin wannan daɗaɗɗen kumburi guda biyu da muke rainawa. Rabin ofishinmu kowa yana cewa yana da olsa, ana ta shan madara. Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda Barry Marshall na Ostireliya ya kurɓa da gangan a 1984 don a yarda da shi, kuma tun 1994 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo dajin ciki. Ana gwada ta, ana kashe ta da maganin kamar mako biyu. Sai tsargiya da yaranmu ke kwasowa a kududdufi da madatsun ruwa, wadda in ta daɗe takan kai ga dajin mafitsara, alhali maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu.

Hukuncina a kan garin: kada a saya, kada a karɓa ko kyauta ne, kuma wanda ya riga ya yi makonni yana sha ya je wurin likita kafin ya daina. Ba ni da rigima da habbatus sauda ko zogale, har gobe ana kwaɗon zogale a gidana. Rigimata da "sauran sirrika" ce. Ko maganin gargajiyar da ke da lambar NAFDAC, ku duba da kyau, za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba, balle wanda ko lambar babu. Zumar shagon kuwa mai kyau ce, na sha ta, ban ga aibinta ba. Sai dai ba zan iya komawa in saya a hannun da ya daka mini ƙwaya a kunu bai gaya mini ba. Na kai ragowar roba ta farko da gutsattsarin inda ya kamata a kai ƙara.

Atishawa ta dawo, kamar yadda aka gaya mini za ta dawo. Yanzu loratadin nake sha da safe, ba ta sa ni barci, ina wanke hanci da ruwan gishiri, in sa takunkumi in zan hau babur, allo kuma na bar wa monita ya goge. Cikin mutum biyun da suka saya ta dalilina, ɗaya ya bi ni wurin likita. Malamin lissafi kuwa ya ce ni dai jikina ne bai karɓa ba. Jiya na gan shi a bakin ofis, hularsa ta ɗare can saman kai, yana tambayar masinja ko sauran ƙosai.